Jan Kwaɗon da Bai Rataya Ba

Ranar Talata mai zuwa, in Allah ya kai mu, shekara bakwai ke nan cif da ruwa ya ci ɗan farina a wata ƙofar ruwa da ke arewacin Paris. Yana da shekara ashirin da tara. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ko a saƙon da nake aika wa 'yan uwana Damagaram, sai dai in ce "bayan rasuwar yaron nan", su kuma su gane. Bana na ɗauki biro ne saboda ƙanwarsa, Rabi. Ita ma yanzu wannan aikin take yi, a kan kogin da ya ratsa Lyon, kuma tun ranar da ta fara, hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Masu karatu za su ga ina ta kewaye sunansa. Ku yi mini haƙuri. Ɗan fari ne, mu kuwa inda muka taso uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Yana ƙarami nakan ce "kai", ko "wannan". Da aka haifi Rabi sai na samu sauƙi, na koma ce masa Yayan Rabi. Haka zan ci gaba da kiransa a nan.

Ga wanda bai taɓa ganin ƙofar ruwa ba, bari in faɗa yadda shi ya nuna mini. Faransawa na ce mata ekuluz. Kogi ba ko'ina yake daidai ba. Wani wuri ruwan yana sama, wani wuri yana ƙasa, kamar matakala, jirgi kuwa ba ya hawa matakala. Sai aka gina wani dogon ɗaki na siminti marar rufi, da ƙaton ƙyauren ƙarfe a gaba da wani a baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a sako ruwa ta wasu ramuka na ƙarƙashi har ɗakin ya cika, jirgin ya taso, sannan a buɗe gaba ya wuce. In mai gangarowa ne sai a janye ruwan. Da robar wanki da buta ya nuna mini wannan a kicin ɗinmu na Minguettes, unguwarmu a gefen Lyon, murfin kwalba shi ne jirgi. Ya jiƙa mini ƙasa kaf, Rabi tana ta dariya, ni ina bin su da tsumma ina faɗa.

Shi ba tuƙin jirgi yake ba, ba shi ke buɗe ƙofa ba. Aikinsa, idan wani abu ya ƙi, a kira shi. Kuma kullum akwai abin da ke ƙi. Ya ce mini wasu ƙarafunan sun girmi kakansa. Tsatsa ta ci su, man injin yana yoyo, ga kuma abin da ruwa ke kawowa: kututturen itace, tayar mota, keke, amalanken kanti, har katifa. Abu ɗaya ya maƙale a ramin ruwa, shi ke nan, komai ya tsaya. Jiragen yashi da tsakuwa da alkama su yi layi ta sama da ta ƙasa, na 'yan yawon buɗe ido su ma su tsaya, mutane su fito suna ɗaukar hoto. Masu gini suna can suna jiran yashi. Wayar shef, wato shugaban aikinsu, ta fara kuka, shi kuma ya kira na ƙasa da shi. Yayan Rabi ya ce ba ruwan ba ne abin tsoro a aikinsu, layin jiragen nan ne. Mutum yana cikin rami yana ɗaure ƙusa, yana jin ham ɗinsu a tsakiyar kansa, sai hannunsa ya fara sauri ba tare da ya sa shi ba.

Da ya gama karatu ya samu aiki a Paris, wurin Baba Idi ya sauka, a wani gidan ma'aikata da ke Montreuil. Baba Idi mutumin Tawa ne, aminin marigayi babansu tun suna samari. Ya fi shekara ashirin yana gyaran ƙofofin ruwa, shi ya nuna wa yaron hanya, kuma aka sa su ƙungiya ɗaya. Ya riƙe shi riƙon da ko ni ban fi shi ba. Shi ke tashinsa asuba, shi ke tura masa tsokar da ta fi girma a kwano. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi, Baba Idi ya tafi har kasuwar Barbès neman citta da kanumfari. Ina faɗin wannan ne tun da wuri don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya zagi bawan Allah.

A aikin nasu akwai wata doka. Kafin mutum ya sauka rami, sai an kashe wutar injin da ke sako ruwa, a rufe maɓallin. Kowane ma'aikaci yana da jan kwaɗo nasa na kansa, da sunansa a jiki, makullinsa ɗaya tak a duniya. Duk wanda zai sauka sai ya rataya nasa a wurin, ya sa makullin a aljihu. In mutum biyar ne, kwaɗo biyar. Ba yadda za a kunna injin sai an cire duka, kuma ba mai cire na wani. Wanda ya zo ya ga saura kwaɗo ɗaya, ya san saura rai ɗaya a ƙasa. Wanda ya ga ba kwaɗo, ya san ba kowa. Dokar ke nan duka. Ni da karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda na yi da goyo a bayana, ban sha wahalar gane ta ba.

Wata Babbar Sallah ya zo Lyon, muna zaune muna cin soyayyen nama, ya fito da kwaɗon daga jaka yana nuna wa Rabi. Tana da shekara goma sha bakwai lokacin, tana lakkol, wato makaranta. Ta juya shi ta ce, sabo fil, kamar ba a aiki da shi. Sai ya yi dariya.

"Ai idan muna tare da Baba Idi ba na rataya nawa."

Na ce, "Don me?"

"Haba Inna. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa ya kashe wuta da hannunsa, ya sa kwaɗonsa, sai in zo in ɗora nawa a kai? Kamar na ce masa, Baba, ban yarda da kai ba. Sau ɗaya na yi, farkon zuwana. Ya dube ni ya ce, to, injiniya, namu na tsofaffi bai kama ba ko? Wasa yake yi, amma wallahi ban san inda zan sa fuskata ba."

Rabi ta ajiye nama ta ce, "Mais non, Yaya! Doka ce fa. Ba don ado aka ba ka shi ba."

Ya ce, "Ke yi mana shiru, Madam Doka. Ki gama lakkol tukuna."

Ni kuma, da bakin nan nawa, na ce masa, "Allah ya yi maka albarka. Haka ɗan mutane yake yi." Na juya ga Rabi na ce, "Ke kuma ki koya."

Na ji daɗi ranar nan. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. A ƙasar da yaro ke kiran malaminsa da suna, yana kallon tsakiyar idon babba yana musu, ni ga nawa ya san girman na gaba. Har na ba maƙwabciyata labari a bakin asansar, injin nan da ke kai mu hawan sama, ina alfahari.

Wata goma bayan nan abin ya faru, cikin zafin bazarar nan tasu. Daga bakin Baba Idi na ji yadda aka yi. Tun safe ƙofar ta ƙi. Wurin yana da ɗaki biyu na wucewar jirgi, amma ɗayan an rufe shi ana jiran gyaran da aka yi ta ɗagawa, saboda haka duk jiragen ɗaya suka dogara da shi. Kafin hantsi layi ya yi tsawo ta kowane ɓangare. Baba Idi ya kashe wuta, ya rataya kwaɗonsa. Yayan Rabi ya sauka ta tsanin ƙarfe, ya ciro abin da ya maƙale, wani guntun itace da waya ta nannaɗe. Ya hau. Baba Idi ya gan shi a sama yana goge hannu, ya ce, "Ya yi?" Ya ce, "Ya yi, Baba." Sai Baba Idi ya juya ya nufi ɗakin maɓallin, can ɗaya gefen, waya a kunne, shef yana tambaya minti nawa ya rage.

A bayansa yaron ya duba jakar kayan aikinsa ya ga babu sufana ɗaya. Ya bar ta a ƙasa. In ruwa ya ja ta, za ta iya sake maƙale injin, a koma farko, jama'a na jira. Aikin minti ɗaya ne. Ya koma. Wani mai jirgi ya gan shi yana sauka, amma bai san abin da hakan ke nufi ba. Baba Idi ya isa ɗakin, ya duba, kwaɗo ɗaya ne, nasa. Ya cire. Aka sako ruwa.

Sun ce mini bai daɗe ba. Ban tambayi abin da suke nufi da haka ba, har yau kuma ba na so in sani.

Ina guga aka kira ni, dab da azahar. Ni da Rabi muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Duk inda muka zo wucewa ta kan ruwa sai in ja mayafi in rufe fuska. A can suka ba ni kayansa a cikin leda: waya, agogo, katin shiga metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jan kwaɗon, makullinsa a soke a jiki. A aljihun wandonsa aka same shi.

Ranar zaman makoki a Montreuil, Baba Idi, dattijo mai furfura, ya ratso cikin mata ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Hajiya, ni na kashe miki ɗa." Na ce, "Tashi, Malam. Kwanansa ne ya ƙare." Haka ake cewa, kuma gaskiya ne, na yi imani da shi. Masu bincike sun zo da takardunsu, suka yi tambayoyi, suka rubuta cewa ba a bi doka ba. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban gaya wa kowa zancen ranar Sallah ba. Na bar dattijon nan ya ɗauki kayan shi kaɗai. Rabi tana wurin ranar da na sa albarkar nan, ta ji da kunnenta, amma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya.

Nakan zauna in ce, da Yayan Rabi zai leƙo yau, me zai ce? Rabi ta ce yanzu ƙofofi da yawa daga nesa ake buɗe su. Mutum yana zaune a wani ɗaki mai sanyi, allunan talabijin a gabansa, ya danna nan, ƙofa ta buɗe a wani gari. Na san zai so wannan, yaro ne mai son sabon inji, da ya kwana yana tambayar yadda aka haɗa wayoyin. Amma ta ce ƙarafunan ƙarƙashin ruwa su ne dai na da, sai ƙarin shekara bakwai na tsatsa. Da sanyi ambaliya ta kawo itatuwa, da zafi ruwa ya ja baya, jirage su yi ta jira. Gyaran da ya kamata a rufe kogi mako guda a yi, sai a yi ta ɗagawa, don ba wanda ke son ya zama shi ya tsayar da kogi. Sai abin ya lalace da kansa ranar da ba a shirya ba, sannan a tura 'ya'yan mutane rami cikin gaggawa. Ina jin zai tambayi abin da ni ma na tambaya: wancan na ɗaki mai sanyi, allonsa yana nuna masa wanda ke cikin rami? Rabi ta ce a'a, Inna. Har yanzu kwaɗo ne.

Ban san abin da zai ce ba idan ya ga Madam Doka cikin rigar aiki mai ruwan lemo da takalmin ƙarfe. Da ta gama karatun wuta da injuna ta ce mini ga inda ta nema, sai na zaunar da ita. Na roƙe ta. Na ce duk ayyukan duniya, ga izin, wato masana'anta, ga kamfanin taram, ga buro, wato aikin ofis, sai wurin da ya ci ɗan uwanki? Ta bari na gama, sannan ta ce, "Inna, ko na je ko ban je ba, yau akwai ɗan wata a cikin ramin nan. Gara a samu wanda ya san abin da ke faruwa." Na sa mata albarka.

Shekara biyu ke nan. Gidanmu yana hawa na goma sha ɗaya, daga tagar kicin ina ganin inda taram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, ke tsayawa. Na san na ƙarfe nawa take saukowa. Idan ya tsaya ban ga rigar lemo ba, sai in ce na gaba. Ba na iya tsayawa kusa da bokiti yana cika, ƙarar da ruwa ke yi idan ya kusa baki tana shiga mini har ƙashi. Metro D da nake hawa zuwa likita yana bi ta ƙarƙashin kogi, idan mun zo wurin nakan riƙe ƙarfe da hannu biyu, in yi ta salati har mu fita. Idan waya ta yi kuka tsakanin hantsi da azahar, sai na zauna kafin in ɗauka.

Mako uku da suka wuce, ta ce mini za ta dawo ƙarfe uku. Uku ta yi, huɗu ta yi. Na yi la'asar ban san raka'a nawa na yi ba. Na kira, waya a kashe. Taram goma sha ɗaya na ƙirga. Na ɗauki jaka na sa takalmi, sai na tuna ban ma san inda zan je ba, na koma taga da takalmin a ƙafata. Rana ta kusa faɗuwa na ji makulli a ƙofa.

Ta shigo ba sallama mai ƙarfi, ta zauna a ƙasa a zaure, ko takalmi ba ta cire ba. Na taɓa fuskarta, na taɓa hannuwanta, na ga ba jini. Sannan ta ba ni labari.

Ƙofarsu ce ta lalace tun safe, jirage suka taru. Su huɗu suka yi gyaran. Aka gama, kowa ya zo ya cire kwaɗonsa, saura nata. Ashe Rabi tana da wata al'ada da ba ta taɓa gaya mini ba. Kafin ta cire nata, sai ta kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, ya amsa, ta ga fuskarsa. Ba a rubuta haka a dokarsu ba, ita ta ƙara wa kanta. Abokan aikin har tsokanarta suke yi, suna amsawa kamar 'yan lakkol. Ranar nan ta kira biyu suka amsa. Ta kira na ukun, wani mai suna Tiyeri, shiru. Kwaɗonsa ba ya wurin, ya riga ya cire. Wayarsa kuma tana cikin motar aiki.

Shef ɗinsu dattijo ne, ya kusa ritaya. Mutumin kirki. Shi ya ba ta ɗan ɗakin da take salla, shi ke canza mata ranar aiki idan Sallah ta zo. Ya ce mata, "Ya fito. Na gan shi da idona. Cire."

Da ta zo nan a labarin, sai maganar shef ta sake dawo mini a kunne. Na gan shi da idona. Ai Baba Idi ma ya gan shi da idonsa.

Rabi ta ce wa shef a'a. Ta sauka da kanta ta haska ramukan da fitila, ba ta ga kowa ba, amma akwai lungun da haske ba ya kaiwa. Ta hau ta tsaya a gaban maɓallin, makulli a cikin tafin hannunta. Jirage suna ham. Na ɗaki mai sanyi yana kira. Wani mai jirgi ya sauko har bakin shinge yana ihu, wai a mayar da yarinyar nan kicin ta bar maza su yi aiki. Shef ya yi lallashi, ya yi faɗa, fuskarsa ta yi ja. Kusan awa guda kogi yana tsaye saboda 'yata. Sai ga Tiyeri ya ɓullo ta bayan itatuwa, burodi a hammata, yana taunawa. Yunwa ce ta kama shi, ya taka zuwa kanti bai gaya wa kowa ba.

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Aka kira ta buro, aka ce mata tunda mutumin ya cire kwaɗonsa, bisa doka ya fito, ita ta ƙara abin da ba a sa ta ba, kuma ta koyi yarda da na gaba da ita. Wannan bai dame ta ba kamar abin da shef ya faɗa a bakin mota. Ya ce shekara talatin bai taɓa rasa mutum ba, yau yarinyar da ya ɗauka kamar 'yarsa ta mayar da shi maƙaryaci a gaban jama'a. Shi ya sa ta kashe waya ta yi ta tafiya a bakin kogi.

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika. Ta ce, "Inna, gobe in je in ba shi haƙuri ko? In ce masa ba zan ƙara ba. Ke kika ce ba a musa wa babba."

Wallahi tsohuwar amsar tana nan a bakina a shirye. Ita uwata ta ba ni, ita na ba su tun suna rarrafe. Na haɗiye ta. Na shiga ɗaki, na buɗe akwatin da nake ajiye zannuwan da ba na ɗaurawa, na ɗauko jan kwaɗon. Shekara bakwai ba ta gan shi ba. Na sa mata a hannu na rufe da nawa.

Na ce, "Kin tuna ranar Sallar nan? Kika ce doka ce, na ce ki koya?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na tuna."

Na ce, "Ke ce mai gaskiya ranar nan. Ni ce ban sani ba. Gobe ki je ki gaishe shi da ladabi. Ki kai masa kilishin nan da aka aiko mana. Ki ce ya yi haƙuri da zafin da ya ji, don ya ji zafi, kuma mutumin kirki ne. Amma kada ki ce ba za ki ƙara ba. Ki ƙara. Ko ni na tsaya a bakin ramin nan na ce miki na gan shi da idona, kada ki cire sai ya amsa."

Ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko ranar makoki. Can ta ɗago, tana share hanci, ta ce, "Kilishin duka? Inna, rabi dai. Ai bai yi fushin kilishi duka ba." Muka yi dariya, ni da hawaye ita da hawaye.

Baba Idi ya bar aiki tun shekarar nan, bai ƙara zuwa kusa da ruwa ba. Duk shekara idan ranar ta zo yakan kira ni. Mu gaisa doguwar gaisuwa, ina gida, ina yara, ina sanyi, sai ya ce Allah ya jiƙan rai, in ce amin. Bana ban jira shi ba, ni na kira. Na ba shi labarin Rabi, sannan na gaya masa abin da na ɓoye, cewa yaron ya faɗa mini ba ya rataya kwaɗonsa, ni kuma na sa masa albarka a kai. Na ce kayan nan ba naka ba ne kai kaɗai, Malam, ka yafe mini da na bar ka da shi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Hajiya, ki gaya wa yarinyar nan, in ji ni, fushin shef ɗinta na kwana biyu ne. Nawa abin shekara bakwai ke nan bai sake ni ba."

Ba na nadamar na yi renon yaro mai kunya. In an dawo mini da shi jariri, zan sake koya masa ya gaida na gaba, ya ba shi wurin zama, ya rage murya. Har yau a Montreuil tsofaffi suna tuna yaron da ke ɗaukar musu kaya zuwa hawa na huɗu. Abin da ban koya masa ba shi ne inda kunyar ke tsayawa, don ni ma ba wanda ya nuna mini. Iyaye 'yan uwana, 'ya'yanmu suna nan a wuraren gini, da izin, da ɗakunan ajiye kaya, suna aiki ƙarƙashin mutanen da suke jin nauyinsu, wasu ma 'yan garinmu ne da suka yi musu hanya. Ku tambaye su yau ko akwai wata doka ta kare rai da suke tsallakewa don kada ran wani babba ya ɓaci. In sun yi dariya suka ce akwai, kada ku yi abin da na yi.

Tsoron bai tafi ba. Gobe ma ƙarfe zai ƙi, jirage za su yi layi, wani zai ce mata a yi sauri. Ban san ranar da za ta gaji da zama ita kaɗai mai cewa a'a ba, kuma taurin kan nata yana tsare na cikin rami ne, ban san wanda zai tsaya mata haka ba ranar da ita ce a ƙasa. Abin da ya rage mini na ɗana ke nan a duniya: wata yarinya a bakin kogi da ba ta barin a sako ruwa sai ta kira sunan kowa.

Tun ranar da ta ba ni labarin nan wani abu yake damuna. Ita tana kiran sunan 'ya'yan wasu da ƙarfi, a gaban kowa, tana jira su amsa. Ni shekara ashirin da tara ina tare da nawa, ban kira shi ba ko sau ɗaya. Jiya da hantsi, bayan ta fita, na rufe ƙofa na ɗauko kwaɗon. Sunansa yana nan a jiki, ruwa bai goge shi ba. Na karanta shi a fili, yadda za a ji daga zaure.

Lawali.

Na jira kaɗan, kamar yadda Rabi ke jira. Sannan na ce Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, na mayar da shi cikin akwati, na koma taga.